Kano zuwa Jidda: Tafiyar awa huɗu da rabi da ke iya komawa awa bakwai

Duk shekara idan jigilar maniyyata ta kankama, akwai tambayar da ke yawo a gidaje da zaurukan WhatsApp na dangi: shin sun sauka kuwa?

An raka Hajiya sansanin alhazai, an ji labarin jirginsu ya ɗaga, wayarta kuma a kashe. Daga nan sai a shiga lissafi. Wani ya ce tafiyar awa huɗu ce. Wani ya ce shida da rabi, domin haka ya gani a jikin tikiti. Wani kuma da ya sauke farali a 2023 ya rantse cewa sai da suka yi kusan awa bakwai a sama kafin su ga fitilun Saudiyya.

Abin mamakin shi ne babu maƙaryaci a cikinsu. Nisan Kano da Jidda bai taɓa sauyawa ba, amma lokacin da jirgi ke ɗauka yana sauyawa, kuma abubuwan da ke sauya shi sun haɗa da iska, da agogo, da yaƙi, da siyasar ƙasashen da ke kan hanya.

Nisan kansa

Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya ɗan haura kilomita 3,400. Wato kamar mutum ya yi Kano zuwa Legas ta sama sau huɗu, domin tsakanin Kano da Legas kilomita 830 da 'yan kai ne.

Mai bincike a waya zai iya cin karo da alƙaluma uku mabambanta, ya ɗauka wani shafin ne ya yi kuskure. Wani shafin zai ce 3,400, wani ya ce 2,100, wani kuma 1,850. Duk nisa ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko kilomita ne, na biyu mil ne irin na Ingila da Amurka, na uku kuma mil ɗin teku ne, wanda matuƙa jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi. Kowane mil ɗin teku guda kilomita 1.852 ne.

Madina ta fi Jidda nisa kaɗan, kimanin kilomita 3,550 daga Kano. Kuma garin da mutum ya tashi yana da tasiri sosai. Maniyyacin da ya tashi daga Maiduguri ya riga ya rage hanya, domin abin da ke gabansa zuwa Jidda bai wuce kilomita 3,000 ba. Na Sakkwato yana da kusan 3,700, na Yamai kusan 4,000, na Legas kuwa kusan 4,200. Tsakanin ɗan Maiduguri da ɗan Legas akwai bambancin kusan awa ɗaya da rabi a zaune cikin jirgi.

Wannan layi da muka ja yana da wani abin sha'awa. Daga Kano ba gabas sak yake nufa ba, gabas ne maso arewa, kusan daidai da inda muke fuskanta idan za mu yi sallah. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa. Ke nan jirgin da ya bi miƙaƙƙiyar hanya, kusan kan layin alƙibla yake tafiya tun daga tashi har sauka. Zai ratsa ta saman Jigawa da Yobe, ya gifta yankin Diffa da arewacin Tafkin Chadi, ya keta hamadar Chadi, ya shiga arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu a wajajen Dongola, sannan ya faɗa saman Bahar Maliya. Daga gaɓar Sudan zuwa Jidda kuwa 'yan mintuna ne, kafin mutum ya gama shirya jakarsa an fara sanarwar sauka.

A aikace jirage ba sa bin layin nan daidai wa daida. Sama ma tana da nata tituna, waɗanda masu kula da zirga-zirgar jirage suka shata, kuma matuƙi ba ya kauce musu sai da izini. Wannan kan ƙara wasu kilomitoci a kan lissafin taswira.

Daga kilomita zuwa awa

Manyan jiragen fasinja na tafiya ne da gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa guda idan sun daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Raba 3,400 da 850, za ka samu awa huɗu cif.

To ina rabin awar ta fito? Jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa. Yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin yana hawa, haka kuma yana fara rage gudu da gangarowa tun saura kusan rabin awa ya sauka. Ga kuma tafiyar da yake yi a ƙasa daga inda aka ɗauki fasinja zuwa bakin titin tashi, da wadda zai yi bayan ya sauka. A Jidda lokacin aikin Hajji, inda jirage daga kowace kusurwa ta duniya ke layi, ana iya sa jirgi ya yi ta shawagi yana jiran a ba shi damar sauka. Shi ya sa kamfanoni kan rubuta awa huɗu da rabi zuwa biyar, suna barin sarari don irin wannan jinkiri.

Sai kuma iska, wadda fasinja ba ya gani amma ita ce ke sa zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Can sama inda jirage ke bi, akwai wasu manyan igiyoyin iska da ke gudu kamar kogi. A lokacin damina, daga Yuni zuwa Satumba, wata iska mai ƙarfi na tasowa daga yankin Indiya, ta ratsa ta saman Larabawa ta nufo Afirka ta Yamma. Jirgin da ke tafiya Jidda a wannan lokaci yana karo da ita, mai dawowa kuma tana tura shi ta baya. Da hunturu lamarin kan juya, musamman a ɓangaren arewa na hanyar, inda iskar yamma ke rinjaye.

A ce iskar na gudun kilomita 80 a awa. Mai karo da ita gudunsa a kan ƙasa ya koma 770, mai bin ta kuma 930. Na farko zai ci hanyar cikin awa huɗu da minti 25, na biyu cikin awa uku da minti 40. Jirgi ɗaya, hanya ɗaya, bambancin minti 45.

Tarkon agogo

Amma abin da ya fi rikita mutane ba iska ba ce, agogo ne.

Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Kuma dokar tikiti a ko'ina ita ce a rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Idan tikiti ya ce tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare, sauka a Jidda ƙarfe 4:30 na asuba, mai karatu zai ƙirga awa shida da rabi. Ba haka ba ne. Lokacin da jirgin zai taɓa ƙasa, agogon Kano ƙarfe 2:30 na dare yake nunawa. Awa huɗu da rabi ce.

A dawowa kuma abin ya juye. Tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe, sauka a Kano 12:30 na rana. Sai ka ji alhaji yana ba da labari a majalisa cewa su kam awa biyu da rabi kacal suka yi a hanyar dawowa, matuƙin nasu gwani ne.

Wannan ruɗani ba abin dariya ba ne kawai. Masu zuwa tarbar alhazai kan yi sammakon banza ko su makara. Mafi muni shi ne matafiyin Umara da agogon hannunsa ke nan a lokacin gida, ya duba ya ga da sauran awa biyu, alhali an riga an rufe karɓar kaya. Wayoyin zamani kan sauya lokaci da kansu idan sun kama layin ƙasar, amma wayar da aka kashe mata wannan tsari ko wadda ba ta kama layi ba, tana nan a lokacin Kano.

Awa biyun nan ba hukuma ce ta ƙirƙire su haka kawai ba. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda kuma akwai digiri 30 da ɗan ɗori. Ke nan rana na riga fitowa a can da kimanin awa biyu, ta kuma riga faɗuwa. Wanda ya tashi daga Kano ƙarfe 2 na rana zai sauka ƙarfe 8:30 na dare agogon Saudiyya, La'asar da Magariba duk sun same shi a sama. Mai zuwa Umara da azumi a bakinsa zai ga yininsa ya gajarta da kusan awa biyu, mai dawowa da rana kuma ya ga rana ta ƙi faɗuwa, domin jirgin bin ta yake yi.

Haka batun harami. Wanda jirginsa zai sauka Madina ba shi da gaggawa, zai ɗauki harami ne a Zul-Hulaifa, wato Abyar Ali, ranar da zai nufi Makka. Amma wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai-tsaye, malamai sun yi saɓani kan ko Jidda na isar masa a matsayin miƙati ko sai ya yi niyya tun a sama idan jirgi ya zo daura da miƙati. Abin da lissafi ke iya faɗa a nan shi ne, jirgin da ke cin kilomita 14 a kowane minti ba ya jiran mai neman mayafinsa a cikin jakar da ke can ƙasan jirgi. Shi ya sa da yawa ke ɗaura haraminsu tun daga Kano, bayan sun ji ta bakin malamansu.

Ranar da Sudan ta rufe

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne kan abu ɗaya: a bar jirgi ya bi ta saman Chadi da Sudan. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar a cikin sararin samaniyar Sudan yake.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. Filin jirgin saman birnin na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka ƙona jirage a ƙasa, aka kuma rufe sararin samaniyar ƙasar. Wannan ya faru ne saura 'yan makonni a fara kwashe maniyyatan Najeriya, a shekarar da ƙasar ke da kujera 95,000, kuma an riga an yanke kuɗin kujera bisa lissafin tsohuwar hanya.

Duba taswira ka ga irin tsaka mai wuyar da aka shiga. Sudan ta tare gabas gaba ɗaya. Ta arewa akwai Libiya, wadda kamfanoni da dama ke gudun sararin samaniyarta tun bayan rikicin 2011. Ta kudu kuma sai an gangara Kamaru, a bi ta Afirka ta Tsakiya, a nufi wajajen Yuganda da Kenya, sannan a juyo arewa ta Habasha a fito Bahar Maliya. Idan aka auna wannan zagaye ta Bangui da Entebbe da Addis Ababa, ya haura kilomita 5,500. An ƙara sama da kilomita 2,000 ke nan, tafiyar awa huɗu da rabi ta koma kusan bakwai.

Ga fasinja, ƙarin awa biyu da rabi gajiya ce da kumburin ƙafa, musamman ga tsofaffi, waɗanda su ne da yawa daga cikin maniyyatanmu. Ga kamfani kuwa kuɗi ne tsagwaronsu. Jirgi ƙirar Boeing 747, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazan Arewa da shi, yana shan mai kimanin tan 10 a kowace awa. Ƙarin awa biyu da rabi na nufin ƙarin tan 25 a zuwa, wani 25 a dawowa, kuma a lokacin kai maniyyata jirgin kan dawo ne babu fasinja. Shi ya sa kamfanonin jiragen Najeriya suka ja daga a watan Mayun shekarar, suka ƙi sa hannu kan yarjejeniya da hukumar alhazai ta NAHCON a zaman farko, har sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Aka kuma shiga taƙaddamar wanda zai biya.

Akwai wata asarar da ba a cika magana a kanta ba, kuma a ganina ita ta fi taɓa talaka da ke kwance a sansani. Jirgin jigila kai-komo yake yi. A tsohuwar hanya, zuwa da dawowa awa tara ne, a ƙara awa biyu zuwa uku a kowane ɓangare don sauke mutane, shara, shan mai da duba lafiyar jirgi, sawu ɗaya ya tashi a awa 14 ko 15. Da hanyar zagaye, sawun ya koma kusan awa 20. Jirgin da zai iya yin sawu goma sha ɗaya a mako ya dawo yana yin takwas. In aka ɗauka kowane sawu mutum 500 ne, kujera 95,000 na buƙatar sawu 190. Saudiyya kuma tana da ranar da take rufe karɓar jiragen maniyyata, ba ta ɗagawa don wani ya makara. A nan ne awa biyu da rabi a sama ke komawa kwana biyu ko uku a kan tabarma a sansanin alhazai.

Kafin a gama farfaɗowa daga wannan, sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. A farkon watan Agusta sojojin suka rufe sararin samaniyar ƙasar na kusan wata guda. Jiragen da ke tsakanin Turai da Najeriya ma sai da suka koma zagaye. Wato a cikin wata huɗu, ƙofar gabas da ta arewa duk sun rufe wa Kano.

Masu ya da zango

Ba kowa ke samun jirgin kai-tsaye ba, musamman masu zuwa Umara da 'yan kasuwa. Wanda ya bi ta Alƙahira zai yi kusan kilomita 3,100 zuwa can, sannan 1,200 zuwa Jidda, jimilla 4,300. Ta Addis Ababa kuwa kusan 3,300 ne da 1,400, jimilla 4,700. Mai bi ta Doha sai ya wuce Jidda ya tsallake Saudiyya gaba ɗaya, sannan ya dawo da baya.

Sai dai a irin wannan tafiya ba kilomita ce abin dubawa ba, zaman jira ne. Tikiti biyu na iya zama hanya ɗaya, amma ɗaya jiran awa biyu ne, ɗaya kuma na awa goma sha ɗaya a kan kujerar ƙarfe. Sau da yawa mai arhar shi ne mai dogon jiran, kuma wakilin da ya sayar maka ba lallai ya faɗa ba sai ka tambaya. A nan ma tarkon agogo na nan, domin lokacin da aka rubuta na tashin jirgi na biyu da agogon garin zangon ne.

Da ƙafa, da jaki, da mota

Duk wanda ya ji awa bakwai ta yi masa yawa, ya tambayi tsofaffin gidansu yadda kakanni suka yi.

Hanyar da jirgi ke bi a yau kusan ita ce tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, sai dai tasu ta ɗan fi karkata kudu, inda ake samun ruwa da garuruwa. Daga Kano a nufi Borno, a tsallaka Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, a bi ta Abeche, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a wuce Ubayyid zuwa Khartoum, daga nan a gangara Sawakin a bakin Bahar Maliya, a jira jirgin ruwa. Mai guzuri da dabba yana iya yin ta cikin watanni. Talaka kuwa tafiya yake yana tsayawa yin ƙwadago, ya noma damina a nan, ya tsinci auduga a gonakin Jazira can, har ya tara kuɗin gaba. Shekaru ake yi. Wasu sun tafi da ƙuruciya sun dawo da furfura, wasu an haife su a hanya, da yawa kuma ba su dawo ba. Shi ya sa a wancan zamani mai niyyar Hajji kan yi sallama irin ta wanda ba ya sa ran dawowa, ya biya bashi, ya nemi gafara gida-gida.

Waɗanda suka tsaya a hanya su ne tushen dubban Hausawa da Fulani da Barebari da ke Sudan a yau. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Yaƙin da ya tsawaita wa maniyyata tafiya a 2023, a kan gidajen jikokin waɗancan matafiya yake faɗawa.

Jirgin sama ma ta wannan hanya ya fara zuwa mana. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 wasu jiragen sojan saman Ingila guda uku suka sauka a Kano. Sun taso ne daga Helwan ta ƙasar Masar ranar 27 ga Oktoba, suna tafe suna ya da zango ta Sudan da Chadi. Kwana shida ke nan a tafiyar da jirgin yau ke yi cikin kimanin awa huɗu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartoum da Kano, yana tsayawa a kusan garuruwan da ayarin alhazai ke sauka.

A ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano suka shiga harkar da kansu, suka fara kwasar maniyyata a manyan motoci zuwa Sudan, daga baya kuma a jirgin sama. Sunan Wapa da ake kiran kasuwar canjin kuɗi ta Fagge da shi, daga taƙaitaccen sunan kamfanin jigilar alhazai na wancan lokaci ya samo asali. Mai zuwa canjin riyal a Wapa a yau, a kan tarihin hanyar yake tsaye ko bai sani ba.

Lokacin da jinkiri ya fi sauri

Hanyar Jidda ta bar wa Najeriya tabo biyu da ba a mantawa, kuma dukkansu suna da alaƙa da lokaci da yanayi.

Ranar 22 ga Janairun 1973, wani Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a Legas. Lokacin hunturu ne. Wajen sauka ƙafar jirgin ta karye, ya kauce daga titi ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202.

Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tayoyinsa suka fashe tun yana gudu a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutar a jikinsu. Matuƙan sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi kafin ya kai titi. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano cewa an san iskar wasu tayoyin ba ta kai ƙa'ida ba, amma aka bar jirgin ya tashi don kada a ƙara makara.

Na kawo wannan ne saboda yadda muke yi idan an ce jirgi ya samu matsala sai an gyara. Haushin mutumin da ya kwana uku a filin jirgi da kayansa a ɗaure halas ne, kuma yawancin jinkirin jigila sakaci ne da rashin tsari, ba gyara ba. Amma akwai jinkirin da bai kamata a yi wa ihu ba, kuma fasinja ba shi da hanyar bambance su idan ba a fito an yi masa bayani ba. Wannan bayanin shi ne abin da aka fi rowarsa a filayen jiragenmu.

Daga ƙofar gida zuwa Harami

Ga mai son sanin lokacin da zai sa ran jin muryar Hajiya, awa huɗu da rabi somin-taɓi ce. Bayan jirgi ya tsaya akwai layin jami'an shige da fice, da ɗaukar hoton yatsu, da jiran kaya, da jiran motar da za ta kwashi ayari. A tashar alhazai ta Jidda, mai rufi kamar jerin tantuna, wannan kan ci awoyi idan jirage da yawa sun sauka a tare. Daga filin jirgin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi idan hanya a sake take, fiye da haka nesa ba kusa ba a kwanakin cunkoso. Wanda ya sauka Madina ya fi samun sauƙi a ranar farko, domin filin jirgin na bakin gari, amma yana da wasu kilomita 400 da ɗori a gabansa zuwa Makka, awa biyar zuwa shida a bas, ko ƙasa da awa biyu da rabi a jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018.

Saboda haka idan an ce maka jirgi ya ɗaga ƙarfe 10 na dare, kada hankalinka ya tashi don wayar ba ta shiga ba da asuba. Ƙara awa biyar na sama, ko bakwai in ana zagaye, sannan ka ƙara wasu uku zuwa biyar na ƙasa, ka kuma tuna cewa sai ta samu layin waya na can ko wanda zai ara mata tasa.

Wani abu kuma na tafe da masu tsara jigila ya kamata su fara tunaninsa. Aikin Hajji na matsowa gaba da kimanin kwana 11 a kowace shekara. Yanzu yana faɗowa ne a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ke rage wa jirgi ƙarfin ɗaukar nauyi da rana, hadarin farkon damina kuma ke tilasta masa kaucewa. Nan da shekara goma zuwa goma sha biyu zai koma Fabrairu da Janairu, tsakiyar hazo, lokacin da ƙura kan rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri har a yini jirgi bai sauka ba. A lokacin, tsawon tafiyar zai dogara ne kan ko na'urorin saukar da jirgi cikin hazo da ke filayenmu suna aiki.